Akwatin Maiwada da Ƙwan Fararen Zabi

Duk wanda ya san Unguwar Ashafa, ɗan ƙauyen nan da ke bayan Dandamisa, ya san Maiwada, ko da kuwa bai taɓa samunsa a gida ba. Ai samunsa a gida shi ne aikin. Ka je da safe a ce maka ya tafi Makarfi, ka bi shi Makarfi a ce yanzun nan ya hau mashin ɗin Hunkuyi, ka isa Hunkuyi ka tarar da shayinsa rabin kofi a teburin mai shayi, da sauran zafinsa, mai shi kuwa ya yi gaba. Shekararsa hamsin da biyu, amma ko a sahun salla, in ka saci kallon ƙasa, za ka ga yatsun ƙafarsa suna motsi tun liman bai yi sallama ba.

Da halin aka haife shi. Yana ɗan shekara huɗu ya bi garken shanu har bakin rafi, aka yi ta cigiya yini guda. Wata Bafilatana mai tallan nono, Adama, ita ta tsince shi, ta goyo shi, ƙwarya a ka, ta kawo wa uwarsa. Ta ce, "Wannan ɗan naki, ki nema masa turke." Aka yi dariya, ba a nema ba.

Sana'a kuwa wace ce bai taɓa ba? Ya dafa mazarƙwaila kaka biyu tare da yayansa Lawal. Ya yi faci. Ya yi lodin tumatir a Ikara. Ya koyi naɗin kwayil na injinan lantarki a Sabon Garin Zariya, wata bakwai, maigidansa ya fara cewa yaron nan zai gaje ni, sai aka wayi gari ba shi. Daga can ya tsira da mitar awon wuta guda ɗaya, mai allura, wadda har yau take rataye a zaurensa. Ya yi shekara biyu a Legas ba wasiƙa ba saƙo. Kuma abin haushin, wallahi, duk abin da ya kama yana yin kyau a hannunsa. Hannu dai Allah ya ba shi, gindin zama ne babu. In aka yi masa faɗa sai ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Matarsa Hafiza, wadda ta yi shekara ashirin da tara tana jin wannan karin magana, takan ce ita dai har yau ba ta ga zomon ba.

Shekara uku da suka wuce ya ga injin ƙyanƙyasar ƙwai a wata gonar kaji, ya zagaya shi sau biyu, ya ce ashe wannan ne abin? Ya dawo gida ya haɗa nasa. Akwatin katako ya samu, ya lulluɓe cikinsa da kwali, ya huda 'yan ƙofofin iska, ya sa kwanon ruwa a ƙasa. Ya ciro lanƙwasasshiyar waya daga wata tsohuwar hita, irin wayar nan da take yin ja in wuta ta bi ta, ya ɗaura ta a kan fasasshen tayil, ya jona da batirin mota da farantan sola biyu. Matan unguwa suka tara masa ƙwan kaji sittin.

Kwana ɗaya da kunnawa ya duba ma'aunin zafi, ya ga ya haura digiri arba'in, alhali ƙwai talatin da bakwai da rabi yake so. To mutumin da ya tashi a gindin tukunyar mazarƙwaila me ya sani? In ruwan rake ya taso zai zube, itace kake janyewa. Rage itace, rage wuta. Sai ya ɗauko filaya ya datse wayar, ya gajarta ta, ya mayar, ya rufe akwati. Da ya tsaya minti goma ma da ya gani. Ina! Ana suna a Kudan, mashin yana jira a ƙofa.

Da ya dawo da yamma, tun daga ƙofar gida ya ji ƙanshi. Ƙwai sittin sun dahu lugub. Lawal ya fasa ɗaya, ya duba, ya ce, "Maiwada, sai a aika a kawo yaji." Har yau akwai matan da ba sa amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

A lokacin 'yarsa Samira, wadda take koyar da kimiyya a wata makaranta a Kudan, tana gida wankan jegon ɗanta na fari. Ta fito zaure da jariri a kafaɗa ta same shi zaune ya yi tagumi, abin da ba a saba gani ba.

Ta ce, "Baba, in kana ban-ruwa a fadama, dogon tiyo da gajere, wanne ya fi feso ruwa?"

"Gajere mana."

"To ita ma wuta haka take. Batirin nan bolt nawa ne?"

"Sha biyu."

"Wannan shi ne ƙarfin da yake tura wutar da shi, kuma ba zai ragu don ka yanke waya ba. Ita waya turjiya take yi wa wuta. Da ka gajarta ta, turjiyar ka rage, wuta ta samu hanya ta kwararo. Ɗauko mitarka mu ga nawa ke wucewa."

Ya jona mita. Allura ta tsaya a kan huɗu.

"Amfiya huɗu," in ji ta. "Raba sha biyu gida huɗu."

"Uku."

"Turjiyar wayar ke nan, om uku. Yanzu sha biyu sau huɗu."

"Arba'in da takwas."

"Zafin da ka sakar wa ƙwan mutane ke nan, wat arba'in da takwas. Kafin ka yanke, allurar a nawa take?"

Ya tuna. A uku take. Sha biyu sau uku, talatin da shida. Wato talatin da shida ta yi yawa, shi kuma da hannunsa ya kai ta arba'in da takwas, yana murna ya rage. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, ga shi a gaban 'yar cikinsa. Samira ta ɗauki gawayi ta rubuta masa layi biyu a bangon zaure: a raba bolt da amfiya, a samu turjiya, a ninka bolt da amfiya, a samu zafi. Suka yi ta gwadawa da sabuwar waya mai tsawo har allura ta sauko kan biyu. Om shida, wat ashirin da huɗu. A nan ma'auni ya tsaya cak a talatin da bakwai da rabi, muddin akwai mai buɗe ƙofofin iska in rana ta take, ya toshe su in sanyi ya sauko.

Akwati ya gyaru. Saura mai akwati. Ya sake zuba ƙwai ashirin, nasa na kansa, a kwana na tara aka ce masa ana ɗaukar masu ɗora sola a Ikara, ya ce kwana biyu zai yi, ya yi sati uku. Ƙwai suka lalace. Daga nan akwati ya koma wurin ajiye takalma, rubutun gawayi ya fara dusashewa.

Bana, damina ta kankama, masara ta fara tofo, sai ga sallama a zaure da hantsi. Goggo Adama ce, mai nonon nan ta da, yanzu ta haura saba'in, sanda a hannu, ido ya yi rauni. Ta sauke ƙwarya a hankali, ta yaye faifai. Ƙwan zabi ne a cikin dusa, goma sha bakwai.

Kowa a yankin ya san fararen zabin Goggo Adama, farare fat, ba ɗigo. Irin uwarta ne, da su aka kawo ta aure daga Kurmin Kogi, shekara hamsin da wani abu ba su taɓa yankewa a hannunta ba. Shekaranjiya suka shiga wata gona suka tone irin da aka wanke da magani, kafin la'asar duk sun mimmiƙe. Jikanta ya bi sawu cikin ciyawa ya gano sheƙarsu. Abin da ya rage a duniya na wannan iri shi ne abin da ke cikin ƙwaryar nan. Zabuwa dama ba ta iya kwanci ba, kaza ake ba ƙwanta, to ciwon kaji ya share ƙauyen da rani, ta zaga ruga uku da unguwa biyu ba kaza mai kwanci ko ɗaya.

Ta ce, "Wada, an ce kana da akwati mai zama uwa."

Ya sosa ƙeya. "Goggo, ba a gaya miki abin da akwatin ya yi ba?"

"An gaya mini. Har yajin an gaya mini. Kwana nawa zabo yake yi?"

"Ashirin da takwas."

"Za ka zauna?"

Hafiza tana bakin ƙofar tsakar gida, ya ji idonta a wuyansa. Ya ce, "Zan zauna, Goggo." Yana faɗa yatsun ƙafarsa suna motsi.

Kai jama'a, ba a taɓa ganin azaba irin ta kwanakin nan ba. Ya sake bin rubutun bango da sabon gawayi. Ya auna, allura a kan biyu. Ya ɗiga wa kowane ƙwai baƙi a gefe guda don ya san wanda ya juya, yana juya su bayan kowace salla. Tsakanin salla da salla fa? Nan ne ake yin ta. Ya share zaure, ya sake sharewa. Ya gano zauren taku bakwai ne a tsaye, biyar a kwance. Ya gyara tocilar duk wanda ke unguwar, har da waɗanda lafiyarsu lau. In hadari ya rufe rana sai ya hau rufi ya goge sola, ya sauko ya auna batir, ya sake hawa. In ya ji ƙugin mashin a kan hanya sai ya miƙe tsaye bai sani ba. Abinci ma a tsaye yake ci. Hafiza ta ce da ta san haka zaman nasa yake da ba ta yi shekaru tana roƙon Allah a kansa ba.

A kwana na goma ya toshe taga da buhu, ya haska kowane ƙwai da tocila. Biyu fanko ne. Goma sha biyar kuwa ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki, ga ɗan baƙin abu yana wutsil-wutsil. Ya daɗe yana kallo. Bai taɓa tsayawa kan wani abu har ya ga ya kai nan ba, sai ya ji daɗi ya cakuɗe masa da tsoro.

Kwana na goma sha tara, bayan azahar, waya ta yi ƙara. Sada ne, direban babbar mota, abokin yawonsa tun na Legas. Yana bakin titi, hayin rafi, ana yi masa lodin busasshen barkono zuwa Fatakwal, kuma wai akwai wani a can yana neman mai hannu a harkar sola ido rufe.

Maiwada ya ce wa Hafiza, "Gaisawa kawai zan yi in dawo. Na juya su, na auna, komai daidai."

Ta ci gaba da tankaɗe. "A gaishe shi."

Gaisuwa ta zama hira, hira ta zama zo ka ji yadda na gyara kujerar gaba. Ya hau ya zauna, ya shaƙi warin gas da barkono, ya dafa murfin ƙofa, wallahi sai da ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Sada ya ce, "Ka rufe ƙofar kawai, kaya sai a saya a hanya. Kai yanzu kaza ka zama?" Aka yi la'asar a bakin titi. Bai sauko daga motar da gaske ba sai da hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska mai sanyi ta bugo, ya tuna ƙofofin iskar akwati a buɗe ya bar su. Ya ce wa Sada sai wani jiƙon, ya zura da gudu. Yana tsallake rafi ruwa yana kai masa gwiwa, sama ta ɓalle.

Ya faɗo zaure jiƙe sharkaf, ya tarar da Lawal zaune kusa da akwati yana murmushi, filaya a cinya.

"Ka gode wa Allah da ina gida," in ji Lawal. "Matarka ta taɓa akwati ta ji shi sanyi, ta aika a kira ni. Wayar cikin akwatin ce ta tsinke. Wajen da ya ƙone duk ya rududduge, na datse shi na yar, na murɗe bakin biyu. Sa hannu ka ji, har ya fi da ɗumi."

Maiwada bai sa hannu ba. Mita ya fizgo daga ƙusa, ya jona. Allura ta wuce biyu, ta je ta tsaya a kan uku. Ba sai ya dubi bango ba. Sha biyu gida uku, om huɗu. Sha biyu sau uku, talatin da shida. Wannan lamba ya san ta, ita ta fara kai shi ga yanke waya wancan karon. Ya fincike kan batir, ya buɗe murfi, zafi ya bugi fuskarsa. Ma'auni yana arba'in da ɗaya.

"Innalillahi! Yaya, tun yaushe?"

"Bai fi rabin awa ba. Me ya faru?"

"Gyaran gangar Auzinawa ka yi mini! Ka gajarta waya, wuta ta ƙaru, dafa su kake yi!"

Murmushin Lawal ya ɗauke. Ya dubi ƙaninsa, ya ce a hankali, "Ni manomin rake ne, abin da na sani na yi. Da kana nan da ban taɓa ba."

Maiwada ya ɗauki faifai ya shiga yi wa ƙwai fifita, ƙwalla tana haɗuwa da ruwan saman da ke ɗiga daga hularsa.

Zafi ya sauka, sai kuma ɗaya matsalar ta taso. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, sanyi yana shigowa ta ko'ina, ƙwai ba za su jure rashin wuta ba. Guntun wayar da Lawal ya yar, ruwa ya tafi da shi, dama kuma ya zama gari. Waya irin wannan sai Makarfi, rafi kuwa ya cika ya batse, ko saniya ba ta tsallakawa. Mutumin da bai taɓa rasa hanyar fita ba, yau yana son fita da dalili, an rufe hanya. Ya yi taku bakwai, ya juyo, ya yi bakwai, sai ya tsaya a gaban bango. Ashirin da huɗu ai kashi biyu cikin uku ne na talatin da shida.

"Hafiza! Zo ki riƙe wannan. Ga agogon waya. Ki jona minti goma, ki cire minti biyar. Goma, biyar, kada ki kuskure."

Ta tsuguna ta karɓa. Ma'auni ya dawo kusa da inda ake so, yana ɗan hawa yana ɗan sauka. Amma kowa a zauren ya san ba mai iya yin haka kwana tara, dare da rana.

Can Hafiza ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, wai wace irin waya ce ake nema?"

"Mai lanƙwasa, irin ta hita, ko ta rishon lantarki."

Ta jira har minti goman suka cika, ta cire, ta miƙa wa Lawal kan batir ɗin da agogon wayar. "Yaya, riƙe mini. In minti biyar suka cika ka jona." Ta shiga ruwa ta nufi ɗakinta. Ta dawo da wani kwali a ƙarƙashin mayafi, gefensa duk gara ta taɓa, ta dire shi a gaban mijinta. Ya buɗe. Rishon lantarki ne, sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba.

"Ina kika samu wannan?"

"Au, ka manta? Tsarabarka ce ta Legas. Shekara biyu ba ka nan, na haifi Bashir na yaye shi ni kaɗai, ka dawo ka miƙo mini rishon lantarki a garin da ko turken wuta babu. Kai ka manta, ni ban manta ba. Shekara goma sha tara yana saman sif. Fasa shi, yau dai ya yi rana."

Lawal ya sunkuyar da kai yana kallon agogo kamar bai ji ba. Maiwada ya ji maganar ta shige shi, amma ba lokacin jinya. Ya kifa risho, ga rubutu a gindinsa: bolt ɗari biyu da ashirin, wat dubu ɗaya. Ya ɗauki gawayi, wannan karon lissafin ta baya zai biyo shi. In bolt sau amfiya ke ba da wat, to a raba dubu da ɗari biyu da ashirin, amfiya huɗu da rabi ke nan. A raba ɗari biyu da ashirin da huɗu da rabi, om arba'in da takwas da 'yar ɗoriya. Turjiyar wayar ke nan gaba ɗayanta. Shi kuwa shida yake so. Shida sau nawa ke cikin arba'in da takwas? Takwas.

Ya kwance wayar daga cikin kaskonta, ya shimfiɗa ta a tabarma ba tare da ya ja ta ba, ya auna tsawonta da igiyar rama. Ya ninka igiyar biyu, ya sake ninkawa, ya sake. Kashi ɗaya cikin takwas. Ya ɗora a kan wayar, ya ɗaga filaya, sai ya dakata. Ya ƙara faɗin yatsa guda kafin ya datse, don ya riga ya koya da gumin goshinsa cewa doguwa ana iya rage ta, gajeriya kuwa sai yaji. Ya ɗaure bakin biyu da kusoshi a kan tayil, ya jona mita. Allura ta tashi, ta yi rawa, ta kwanta a kan biyu, saura ƙiris. Ana kiran magariba ya rufe akwati.

Abin da ba ya aunuwa da mita shi ne wa ya rayu a ciki. Ranar Juma'a Goggo Adama ta dogaro sandarta ta zo dubiya, kamar yadda take yi duk mako. Lawal ya ba shi shawara ya yi shiru, tunda ba ta gani sosai. Bai iya ba. Ya tsuguna a gabanta ya faɗa mata komai, har da kujerar motar Sada. Ta murza bakin zanenta.

Ta ce, "Wancan karon goyo ka na yi na dawo da kai. Wannan karon wa ya dawo da kai?"

"Ni na dawo, Goggo."

"To. Je ka juya su, azahar ta yi."

Sada ya bugo ya ce zai dawo lodi na biyu ranar da ta yi daidai da kwana ashirin da takwas. Maiwada ya ga ai shi ke nan, alkawari ya cika, ba wanda zai ce ya saɓa. A kwana na ashirin da shida ya haɗa jakarsa a ɓoye ya tura ta bayan buhunan taki. Hafiza ta gani lokacin shara, ta share gefenta ta bar ta a nan.

Da hantsin kwana na ashirin da bakwai ya ji wani ɗan ƙas-ƙas a cikin akwati. Ya kara kunne. Sai ga ɗan siririn kuka. Ya yi kabbara da ƙarfi har akuya ta tsinke igiya. Zuwa washegari da azahar tara sun fito, sun bushe, farare sol da ɗan ruwan ɗorawa, ƙafafu ja. Shida ba motsi. Ya ɗauki ɗaya ya fita bayan gida ya fasa. Ga ɗan zabo nan cikakke, har da farin gashinsa a manne, ya tsaya daidai girman kwana goma sha tara. Ya san ranar, ya san sa'ar, ya san inda yake zaune a lokacin. Ya haƙa rami ya binne su shidan, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar uwarsa.

Goggo Adama ta zo da la'asar, rana ta ɗan fito bayan ruwa. Ya juye mata su a cinya. Ta bi su da yatsu ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da Fillanci, ta ɗaga ɗaya kusa da idonta har yana taɓa girarta.

"Fari ne?"

"Fari ne fat, Goggo. Dukkansu. Tara. Da goma sha biyar ne."

"Tara iri ne," in ji ta. Ta sauke su ƙasa a hankali, ta jawo sandarta, ta ɗauki ƙwaryarta yadda ta zo da ita, ba komai a ciki.

"Goggo, ba za ki tafi da su ba?"

"In kai su ina? Bukkata tana yoyo, ba kaza, ba wuta. Ɗan zabo in raɓa ta taɓa shi ya mutu. Akwatinka ya haifa, to a ci gaba da ɗumama su har su yi fiffike. Sati shida ne." Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "Ko akwai inda za ka?"

Ba ta jira amsa ba. Tana fita waya ta fara ƙara a aljihunsa, kuma daga can hayin rafi, iska ta kawo hon ɗin babbar mota, dogo, sau biyu. Maiwada yana tsaye a tsakiyar zaure. Sati shida! Kwana arba'in da biyu, shi da ya ƙirga ashirin da takwas kamar mai zaman kurkuku. Ya yunƙura zai ɗaga ƙafa, sai ya ji abu mai laushi. Ya duba ƙasa. Sanyin daɓe ya kore su, duk taran sun taru a jikin ƙafafunsa suna neman ɗumi, ɗaya har ya haye bayan ƙafar ya lumshe ido. Ba inda zai taka bai taka wani ba.

Waya ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta sake. Hafiza ta leƙo.

"Malam, ana kiranka."

"Na ji. Miƙo mini gawayi, da ragowar wayar rishon nan. Kwandon da za su zauna ya fi akwati girma, sai an sake lissafi."

Ta miƙo masa. Ta ɗan tsaya. "Jakar da ke bayan taki fa?"

Hon ya sake tashi, wannan karon gajere, irin na mai shirin tafiya.

"Zazzage ta. Tsohuwar rigar nan mai kauri, a shimfiɗa musu."

Ya miƙa hannu daga inda yake tsaye ya fara rubutu a bango, sha biyu a sama, ƙafafunsa a kafe wuri ɗaya. Yatsun ne dai suka ƙi bari, suna ta motsi a kan daɓe, 'yan zabin kuwa suka ɗauka tsutsa ce, suka rufar musu da caccaka.